Sunayen 'Yan Wasan Intanet: Asalinsu da Ma'anarsu, Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa shiga wasan intanet ya ci karo da sunaye irin su xX_Damisa_Xx, ko D4m1s4, ko wani jerin sanduna da ido ba ya iya rabewa. Ba haka kawai waɗannan siffofi suka faɗo daga sama ba. Kusan kowacce da dalilinta: ko na'ura ce ta taƙaita yawan haruffa, ko wani ya riga mai sunan ɗaukar wanda yake so, ko kuwa ɓoye kai ake nema. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Yaushe 'yan wasa suka fara amfani da laƙabi maimakon sunansu na gaskiya?

Tun kafin intanet ta shiga gidaje. A ƙarshen shekarun 1970 akwai manyan akwatunan wasa na tsaye waɗanda ake jefa wa tsabar kuɗi kafin su fara aiki. Wasan Asteroids na kamfanin Atari, wanda ya fito a 1979, yana cikin waɗanda suka yaɗa al'adar rubuta suna a allon gwanaye: idan makinka ya shiga goman farko, sai a ba ka gurbin haruffa uku kacal. Wasu su sa haruffan farko na sunayensu, wasu su ƙirƙiri wata 'yar kalma, masu gaggawa kuma su danna maɓalli sau uku a kan harafin da ya fara bayyana. Dalilin da ya sa AAA ya cika tsofaffin alluna ke nan.

A daidai wannan lokaci wasu hanyoyi biyu suna tasowa. A 1978 Ward Christensen da Randy Suess suka kafa tsarin farko na allon saƙonni ta layin tarho a Chicago, kuma masu shiga irin waɗannan tsare-tsare suka ɗauko ɗabi'ar laƙabi daga direbobin manyan motoci na Amurka masu hira ta rediyon CB. A shekarar ce kuma Roy Trubshaw ya fara rubuta MUD, wasan rubutu da mutane da yawa ke shiga a lokaci guda, a Jami'ar Essex ta Ingila, Richard Bartle ya ci gaba da shi. A nan ne mutum ya fara raɗa wa halittar da yake sarrafawa suna, wasu 'yan wasan kuma su san shi da shi. Da wasan Quake ya zo a 1996, laƙabi ya riga ya zama abin da ake gane gwani da shi.

Me ya sa ake taƙaita tsawon suna, kuma nawa ne iyakar?

A da ƙarancin ma'ajiya ne da ƙanƙantar allo. Tsarin hira na IRC, wanda Jarkko Oikarinen ya ƙirƙira a Finland a 1988, haruffa tara ya yarda da su a ƙa'idarsa ta asali. Wasanni da yawa na wancan zamani takwas ne. Dennis Fong, wanda ya ci motar Ferrari ta John Carmack, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Quake, a gasar wasan ta 1997, da Threshold ya fara. Da sunan ya ƙi shiga gurbin haruffa takwas, sai ya datse shi ya koma Thresh, kuma da shi duniya ta san shi.

Yanzu ma'ajiya ba matsala ba ce, amma dole suna ya shiga allon maki, ya zauna a saman kan ɗan wasa ba tare da ya rufe wa wasu ido ba. A cikin manyan wasanni da dandamalin 'yan wasa, PlayStation, Minecraft, Epic Games da Riot duk daga haruffa 3 zuwa 16 ne. Roblox 3 zuwa 20. Battle.net 3 zuwa 12. Xbox ya daɗe a kan 15, sai a 2019 ya mayar da sababbin sunaye 12. Manhajar hira ta Discord tana karɓar 2 zuwa 32.

Me ya sa ake sa lambobi a madadin haruffa, kamar 4 a wurin A?

Ana kiran wannan salo leet, ana kuma rubuta shi 1337. Ya samo asali a shekarun 1980 tsakanin masu kutse da masu musayar manhajoji, daga kalmar Turanci "elite" mai nufin zaɓaɓɓu. Ƙa'idarsa kamanni ce: 4 ta yi kama da A, 3 da E, 1 da I ko L, 0 da O, 5 da S, 7 da T. Da farko yana taimakawa wajen kauce wa manhajar da ke farautar wasu kalmomi, yana kuma nuna cewa kai ɗan gida ne. Daga baya ya zama hanyar samun sunan da aka riga aka ɗauka. Fatal1ty, laƙabin Johnathan Wendel na Amurka, da s1mple, na Oleksandr Kostyliev ɗan Yukren, duk harafi ɗaya suka musanya, shi ya sa suke karantuwa. Wannan shi ne ma'aunin: musanya ɗaya ko biyu suna ƙawata suna, biyar suna kashe shi.

Amma a kula, ba kowace lamba a cikin suna ce leet ba. Larabawa masu rubuta harshensu da haruffan boko suna sa 3 a wurin ainun, 7 a wurin ha mai kauri, 5 a wurin kha, 2 a wurin hamza. Saboda haka 7amza Hamza ne, 3li kuma Ali. Masu jin Rashanci sukan sa 4 a wurin sautin "c", domin da shi kalmar huɗu ke farawa a harshensu. Wanda ya karanta waɗannan da idon leet zai kira mutum da sunan da ba nasa ba.

Ina xX da Xx na gefen suna suka fito?

Sun yi tashe ne a ƙarshen shekarun 1990 da farkon 2000, zamanin manhajar hira ta AOL da farkon Xbox Live, wanda aka buɗe a Nuwamba 2002. Tsarin ba ya karɓar tauraro ko wata alamar ado, suna kuma ba ya maimaituwa. Harafin X ya dace da buƙatar: siffarsa ɗaya ce ta hagu da ta dama, kuma ba a furta shi, don haka mai karatu yakan tsallake shi ya kira ainihin sunan. Wasu na danganta yaɗuwarsa da matasan Amurka masu aƙidar ƙin giya da ƙwaya, waɗanda X ce alamarsu. A yau yawancin 'yan wasa suna kallonsa a matsayin tsohon yayi.

Lambobin ƙarshen suna fa, suna da ma'ana?

Mafi yawansu shekarar haihuwa ce, ko lambar rigar wani ɗan ƙwallo, ko abin da na'ura ta liƙa da kanta da ta ga sunan yana hannun wani. Sai dai akwai waɗanda ke ɗauke da saƙo, kuma saƙon yana canzawa daga ƙasa zuwa ƙasa, wasan intanet kuwa kowa da kowa yake haɗawa.

A wurin Sinawa 666 yabo ne ga wanda ya yi bajinta, a Turai da Amurka kuma lambar shaiɗan ce. 520 a Sinanci tana kama da furucin "ina son ki". 555 dariya ce a Tailan, domin biyar a harshensu "ha" ce. Musulmin Indiya da Pakistan da yawa suna sa 786 a matsayin lissafin haruffan Bisimilla. 420 tana nuni ga tabar wiwi, 69 kuma batsa ce.

Wadda ta fi jawo wa marar laifi matsala ita ce 88. Wanda aka haifa a 1988 zai sa ta da zuciya ɗaya, Basine zai sa ta don sa'a, amma masu aƙidar Nazi suna amfani da ita a matsayin gaisuwarsu, saboda H ne harafi na takwas a jerin haruffan Turanci, sai 88 ta zama HH, wato "Heil Hitler". Idan ta haɗu da 14, wata lambar masu wariyar launin fata, ta zama 1488, babu sauran shakka a kan nufin, kuma dandamali da yawa suna rufe irin wannan asusu.

Mene ne alamar # da lambobin da ke bin bayan wasu sunaye?

Maganin ƙarancin sunaye ne. Maimakon mutum ɗaya ya mallake Guguwa har abada, sai a bar dubbai su ɗauka, a bambanta su da ɗan wutsiya: Guguwa#2041. Battle.net yana yin haka, Xbox ya bi sahu a 2019, Riot kuma yana barin ka zaɓi wutsiyar da kanka, haruffa ko lambobi 3 zuwa 5.

Discord ya yi akasin haka. Ya fara da lambobi huɗu, daga 0001 zuwa 9999, sai a 2023 ya soke su, yana mai cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na masu amfani da shi ba sa tuna lambarsu ko ma ba su san da ita ba. Yanzu kowa yana da suna guda da ba ya maimaituwa, na ƙananan haruffa da lambobi da ɗigo da layin ƙasa, sannan da wani sunan na nunawa wanda yake iya canzawa yadda ya ga dama.

Gajerun haruffan da ke gaban suna, kamar SK ko NiP, na mene ne?

Tambarin tawaga ne. Al'adar ta kafu a zamanin Quake, lokacin da 'yan wasa suka fara haɗa ƙungiyoyi suna karawa da juna. SK, wadda aka kafa a Jamus a 1997, taƙaitawar Schroet Kommando ce. NiP ta Suwidin ce, tun 2000. NaVi ta Yukren, wadda aka kafa a 2009, daga Natus Vincere take, wato "an haife mu don nasara" da Latin. Wasanni irin su Call of Duty suna ware wa tambarin gurbi na daban mai haruffa huɗu ko biyar, don kada ya ci wurin suna.

Ba kowane mai tambari ne ɗan tawagar ba. A yawancin wasanni babu abin da ke hana mutum rubuta tambarin sananniyar tawaga irin FaZe a gaban sunansa. TTV ko YT kuwa talla ce: mai sunan yana sanar da cewa yana watsa wasansa a Twitch ko YouTube. Illarta ita ce abokan karawa na iya buɗe tasharsa su ga inda ya ɓuya.

Alamomin ado irin su ꧁ ꧂ da ツ da ☬ daga wane rubutu suke?

Wannan tambaya ta cancanci a tsaya a kanta, domin sunayen Free Fire da PUBG Mobile cike suke da su, kuma kaɗan ne suka san abin da suke ɗauke da shi. Duk haruffa ne na gaske a cikin Unicode, kundin da ya ba kowane harafi na rubuce-rubucen duniya lambarsa. ꧁ da ꧂ alamomin ƙawata rubutu ne na mutanen Jawa a Indunusiya. ツ harafin Japananci ne mai sautin "tsu", an ɗauke shi ne don ya yi kama da fuska mai murmushi. 亗 harafin Sinanci ne da ake gani kamar kambun sarauta. ༒ daga rubutun Tibet take. Ita kuwa ☬ tambarin addinin Sikh ce. Masu sa ta suna ganin takubba ne kawai, amma ga mabiya addinin abu ne mai alfarma, kuma ya kamata mutum ya san haka kafin ya liƙa ta a gefen sunan barkwanci.

Haruffa masu lanƙwasa ko masu kauri da shafukan ƙawata suna ke bayarwa su ma ba salon rubutu ba ne. Alamomin lissafi ne da aka tanada don masana, kuma a wurin na'ura ba su da dangantaka da A ko B na kibod. Daga nan matsaloli uku ke fitowa. Abokinka zai rubuta sunanka a gurbin bincike bai same ka ba. Wayar da ba ta da wannan rubutu za ta nuna ƙananan akwatuna ko alamar tambaya. Manhajar da ke karanta wa makafi allo kuma ko ta tsallake sunan, ko ta riƙa karanto dogon bayanin kowane harafi ɗaya bayan ɗaya.

Sunan da ba a gani sam, yawanci harafin cike gurbi ne na rubutun Koriya, mai lamba U+3164. Wasanni da dama sun toshe shi.

Me ya sa aka ƙi karɓar ƙ, ɗ, ɓ a sunana?

Domin gurbin sunan shiga a dandamali da yawa har yanzu yana kan ASCII, tsohon tsarin Amurka na shekarun 1960 mai alamomi 128, wanda babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a cikinsa. PlayStation, Roblox da Minecraft na kwamfuta haruffan Turanci 26 suke karɓa, da lambobi, da alama ɗaya ko biyu. Inda aka raba sunan shiga da sunan nunawa, kamar dandalin wasanni na Steam da Discord, sa k ko d a na shiga, ka rubuta Ƙarfe ko Ɗantauri daidai a na nunawa. Kafin ka cire ƙugiya, karanta abin da ya rage da kyau, kada kalmar ta koma wata daban.

Sunaye irin su lIlIIlIl fa? Kuma me ake nufi da smurf?

Duka biyun ɓoye kai ne. Na farko haɗin babban I ne da ƙaramin l, waɗanda a yawancin rubutun allo sanda ɗaya ce. Ƙwararrun StarCraft II, musamman na Koriya ta Kudu, suka yaɗa shi don su yi atisaye ba tare da abokan gasa sun gane su sun nazarci dabarunsu ba. Idan mutum ɗari suna da suna mai kama ɗaya, ba ka san da wa ka kara ba.

Smurf kuma gwani ne da ya buɗe sabon asusu don a haɗa shi da sababbin shiga. Kalmar ta fito ne daga Warcraft II a 1996, inda wasu gwanaye biyu da kowa ke gudun karawa da su suka koma shiga da sunayen PapaSmurf da Smurfette. A ganinmu wannan ɗabi'a ce mai cutarwa: tana kashe wa mai koyo gwiwa tun bai tsaya da ƙafarsa ba, kuma kamfanoni da yawa suna hukunta ta.

Babu zagi a sunana, amma an ce bai dace ba. Me ya faru?

Matacin kalmomi ba ya fahimtar ma'ana, jerin haruffa yake dubawa. Idan wani yanki na sunanka ya yi daidai da zagi a Turanci, Sifaniyanci, Rashanci ko wani harshen da ke cikin jerinsa, zai ƙi shi. Matsalar tana da suna tun 1996, lokacin da AOL ya hana mazauna garin Scunthorpe na Ingila yin rajista saboda haruffa huɗu da ke tsakiyar sunan garinsu. Matacin yana kuma mayar da lambobi haruffa kafin ya duba, don haka leet ba ya tsallake shi. Sannan akwai kalmomin da aka keɓe, irin su admin da sunan kamfanin, don hana sojan gona.

Hanyar gano inda matsalar take: raba sunan gida biyu, gwada kowane rabi shi kaɗai, sannan ka duba mahaɗar kalmomin biyu, domin sau da yawa ƙarshen ta farko da farkon ta biyu ne suka haɗu suka haifi kalmar da aka hana. Sauya jerin kalmomin ko sa layin ƙasa a tsakani yakan warware ta.

Suna yana nuna halin mai shi?

Zuwa wani mataki. Masu bincike a Jami'ar York ta Ingila sun nazarci sunayen 'yan wasan League of Legends, suka wallafa sakamakon a 2016. Sun gano cewa masu zagi ko batsa a sunansu sun fi samun ƙorafi daga abokan wasa. Sun kuma gano cewa shekarar da mutane ke sawa a suna tana yawan dacewa da shekarar haihuwar da suka bayar wajen rajista. Wannan na biyun ya kamata ya sa iyaye su duba sunayen 'ya'yansu.

Ban da wannan, kada a zurfafa fassara. Sunaye da yawa ba da shiri aka same su ba. Felix Kjellberg, tauraron YouTube da aka sani da PewDiePie, ya fara da PewDie, ya manta kalmar sirrin asusun, ya buɗe wani a 2010 ya ƙara Pie. Lee Sang-hyeok, gwanin League of Legends, yana amfani da GoJeonPa kafin ya zama Faker a 2013.

Zan iya canza suna? Me zai lalace idan na canza?

Abin da za a fara fahimta shi ne, a tsarin zamani ba da sunanka na'ura ta san ka ba. Akwai lambar shaida a ƙarƙashi wadda ba ta canzawa: a Steam mai lambobi 17 ce, a Minecraft UUID ake ce mata, a Free Fire UID. Kayanka, matsayinka, abokanka da hukuncin da aka taɓa yi maka duk a jikinta suke. Canza suna ba ya goge dakatarwa.

Minecraft yana barin canji sau ɗaya a kwana 30, yana kuma riƙe maka tsohon sunan kwana 37 kafin wani ya iya ɗauka. Epic Games sau ɗaya a mako biyu. Riot sau ɗaya a kwana 90. Xbox, PlayStation da Battle.net na farko kyauta ne, na gaba da kuɗi. Roblox yana cajin Robux 1,000, wato kuɗin cikin dandalin, a kan sunan shiga. PUBG Mobile da Free Fire suna amfani da katin canza suna. A Steam sunan nunawa yana canzuwa kowane lokaci, na shiga kuwa ba ya canzuwa, kuma tsofaffin sunayenka suna nan a shafinka har sai ka share su.

PlayStation ne ke buƙatar taka-tsantsan. Sai a Afrilu 2019 ya fara barin canji, domin tsofaffin wasanni da sunan kansa suke ɗaure bayanai. Wasannin PS3 da Vita ba sa gane sabon suna, wasu na PS4 da suka fito kafin Afrilu 2018 kuma suna iya rasa ci gaban da ka yi ko abin da ka saya. Duba jerin wasannin da Sony, kamfanin da ya mallaki PlayStation, ya gwada kafin ka canza. Idan abu ya lalace, komawa tsohon suna kyauta ne, ko da yake ba lallai komai ya dawo ba.

Ta yaya ake sojan gona da suna, kuma sayen suna yana da haɗari?

Da haruffa masu kama da juna. Ana sa r da n a jere su yi kama da m, ko sifili a wurin O, ko "а" ta rubutun Rasha wadda ido ba ya bambanta ta da tamu. Ɗan damfara zai kwafi suna da hoton abokinka, ya aiko maka da tayin musayar kaya. Kada ka dogara da suna: buɗe shafin mutumin daga jerin abokanka, ka duba lambar shaidarsa da daɗewar asusun.

Gajerun sunaye da kalmomi guda marasa lamba suna da kasuwar bayan fage, kuma sayar da asusu ya saɓa wa ƙa'idar kusan kowane dandali. Mai sayarwa yana iya komawa wurin kamfani da shaidar cewa shi ya buɗe asusun, a mayar masa, kai kuma ba ka da inda za ka kai ƙara. Masu irin waɗannan sunaye su ma ana farautarsu, har da sace layin waya don karɓe saƙon tabbatarwa. Manhajar samar da lambar tabbatarwa ta fi saƙon tes tsaro.

To, yaya zan zaɓi suna mai kyau?

Fara da baki kafin kibod. A tsakiyar wasa abokin tawaga yana da daƙiƙa ɗaya ya kira ka, don haka gaɓa biyu ko uku sun isa. Abin da ya fi haka za a datse maka shi, kuma ba kai za ka zaɓi inda za a datse ba. Tsaya a haruffa 12 ko ƙasa, na boko zalla marasa ƙugiya, ka ga suna ɗaya zai shiga kusan ko'ina. Idan kalmar da kake so tana hannun wani, haɗa ta da wata kalmar ya fi liƙa mata lambobi: FarinHadari ya fi Hadari48213 zama a ƙwaƙwalwa, kuma kalmomin Hausa ba a ɗauke su ba kamar yadda aka ɗauke na Turanci.

Kada cikakken sunanka, shekarar haihuwa, sunan makaranta ko wani yanki na lambar waya su shiga ciki. Kada ya zama daidai da farkon adireshin imel ɗinka, domin ka ba mai kutse rabin abin da yake nema. Idan ba ka so a haɗa wasanka da sauran rayuwarka, kada ka maimaita sunan da kake amfani da shi a Facebook ko TikTok, bincike ɗaya ya isa a haɗa su. Rubuta sunan a injin bincike ka ga ko yana da wata ma'ana a wani harshe ko wani sananne ya riga ka. Daga nan ka yi rajistarsa a duk dandamalin da kake sa ran shiga a rana ɗaya, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu a kowanne.